GANDU DA GAYAUNA: YADDA TSARIN MULKI YA RABA IKO TSAKANIN TARAYYA DA JIHOHI

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



  

Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin yin magana a kan yadda Tsarin Mulkin Nijeriya ya raba iko tsakanin Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin jihohi. Wani zai ce wannan ai maganar lauyoyi ce, a bar wa ɗaliban Makarantar Horar da Lauyoyi da ke nan Bagauda. To, amma ku saurari yadda ake hira a majalisun Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Kullum abin da za ku ji shi ne gwamnati ta ƙi gyara hanya, gwamnati ta hana mu ruwa, gwamnati ta manta da mu. Idan ka tambaya wace gwamnatin, sai a yi shiru, alhali kuwa gwamnatoci uku ne a kanmu, kuma kowacce da abin da doka ta ɗora mata. Mu da kanmu a wannan ƙungiya muna rubuta takardun koke, muna tura wakilai ofis-ofis. Wanda bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, ko ya wuni yana sallama ba za a amsa masa ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Gandu da gayauna

Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san gandu, ya san gayauna. Gandu gonar gida ce baki ɗaya, mai gida ke riƙe da ita, daga rumbunta ake ciyar da iyali, a biya haraji, a yi wa samari aure. Gayauna kuwa 'yar gonar da aka yanka wa ɗa ko ƙane, ya noma ta bayan an tashi daga gandu, abin da ya samu nasa ne. Mulkin tarayya ya yi kama da wannan. Akwai abubuwan da suka shafi ƙasa duka, waɗanda aka bar wa gwamnatin tsakiya, akwai kuma waɗanda aka bar wa kowace jiha ta yi yadda ya dace da mutanenta.

Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata mu riƙe. Gayauna kyautar mai gida ce, in ya ga dama ya karɓe abinsa. Ikon jiha kuwa ba Shugaban Ƙasa ne ya ba ta ba. Kundin Tsarin Mulki ne ya ba kowanensu nasa, kuma sashe na 1 ya ɗora kundin a bisa kowa, har ya ce duk dokar da ta saɓa masa ba ta da ƙarfi gwargwadon saɓawarta. Saboda haka Gwamnan Kano ba ma'aikacin Shugaban Ƙasa ba ne, jama'ar Kano suka zaɓe shi. Ku kwatanta da maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, inda ake naɗo Gwamnan Maraɗi ko na Damagaram daga Yamai. Shi ya sa duk lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci aka dakatar da gwamna a nan ƙasar, kamar yadda aka yi a Filato a 2004 da Ribas a 2025, sai gardama ta kaure tsakanin masana shari'a.

Daga ina aka faro?

Ruwa ba ya tsami banza. Tarayyar Nijeriya tana da tarihi, kuma Kano na tsakiyar tarihin nan. Ran 31 ga Maris, 1953, Anthony Enahoro ya kawo shawara a Majalisar Wakilai a Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, suka ce a jinkirta sai an shirya, domin sun ga Arewa na baya a ilmin boko da yawan ma'aikata. Aka yi musu ihu a titunan Ikko. Cikin watan Mayu na shekarar, da 'yan jam'iyyar Action Group suka shirya zuwa Kano yaɗa manufarsu, sai rikici ya ɓarke a gari, aka yi kwanaki ana tashin hankali, aka yi asarar rayuka. Wannan ya sa Turawa suka gane cewa ba za a iya tafiyar da ƙasar nan da linzami ɗaya ba. Aka yi taro a Landan a 1953, aka sake yi a Ikko a 1954, sa'an nan ran 1 ga Oktoba, 1954 tsarin mulkin Lyttelton ya fara aiki, Nijeriya ta zama tarayya sosai.

A zamanin nan da Jamhuriya ta Farko, gayauna tana da faɗi. Jihar Arewa tana da nata tsarin mulki, da Firimiya a Kaduna, da hukumar cinikin amfanin gona wadda ke sayen gyaɗa da auduga. En'e tana da 'yan doka da kotuna da gidajen yari. A tsarin mulkin 1963, rabin kuɗin da aka samu na hayar wuraren haƙar ma'adinai da ladan haƙarsu yana komawa jihar da aka haƙo su.

Soja ne suka canja wannan. Ran 24 ga Mayu, 1966, Janar Ironsi ya kafa Doka ta 34 wadda ta soke tarayya, ta mai da ƙasa dunƙulalliya. Cikin 'yan kwanaki aka yi bore a Kano da wasu biranen Arewa. Da Gowon ya hau ya soke dokar, ran 27 ga Mayu, 1967 kuma ya yanka ƙasa jihohi 12, daga ciki har da Jihar Kano, wadda Audu Baƙo ya zama Gwamnanta na farko. Murtala Muhammad ya mai da su 19 a 1976, Babangida ya kai su 21 a 1987, sa'an nan 30 a 1991 lokacin da aka fitar da Jigawa, Abacha kuma ya cika su 36 a 1996. Amma shi soja da umurni daga sama ya saba. Jihohi suna ƙaruwa, ikonsu yana raguwa. Aka haɗe 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, kuɗin man fetur ya taru a tsakiya. Abubuwan da aka keɓe wa Tarayya a 1963 ba su kai 50 ba, amma a tsarin mulkin da ya fara aiki ran 29 ga Mayu, 1999 sun zama 68. A Amurka jihohi ne suka taru suka kafa gwamnatin tsakiya, suka ba ta iko ƙayyadadde. Mu kuwa daga sama aka riƙa yanka mu, kuma alamar wuƙar tana nan har yau.

Kaso uku

Sashe na 4 da Jadawali na Biyu su ne zuciyar wannan magana. Sun kasa iko kashi uku.

Kashi na farko shi ne jerin abubuwan da suka keɓanta ga Tarayya, waɗanda Majalisar Dokoki ta Ƙasa kaɗai ke yi musu doka. A ciki akwai tsaron ƙasa, hulɗa da ƙasashen waje, buga kuɗi, bankuna, kwastan, shige da fice, jiragen sama, gidan waya, ƙidayar jama'a, 'yan sanda, ma'adinai da man fetur, da mafi ƙanƙantar albashi, wanda aka mai da Naira 70,000 a 2024. Mun ɗanɗana ma'anar wannan a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da manomi ya kai masara kasuwa ya rasa mai tsabar kuɗin saye. Babu gwamnan da ke da ikon ba Babban Banki umurni. Abin da jihohi suka iya, har da Kano, shi ne kai ƙara Kotun Ƙoli, domin sashe na 232 ya ba ta hurumin raba gardama tsakanin Tarayya da jiha. Ran 3 ga Maris, 2023 kotun ta yanke hukunci a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun kuɗi.

Kashi na biyu shi ne jerin haɗaka, inda Tarayya da jiha duk suna iya yin doka. A nan ake samun lantarki, bunƙasa noma da masana'antu, kayan tarihi, ƙididdiga, ilmi, har da tace finafinai. Shi ya sa Kano ta kafa tata hukumar tace finafinai a 2001, ga kuma ta Tarayya tana nan. Idan dokokin biyu suka ci karo, sashe na 4(5) ya ce ta Tarayya ce a sama.

Kashi na uku ba a rubuta shi a jere ba. Duk abin da bai fito a jeri na farko ko na biyu ba, ragowa ce, kuma ta jiha ce ita kaɗai. Sarautun gargajiya suna cikin wannan ragowa. Majalisar Dokoki ta Kano ce ta yi dokar ƙara masarautu huɗu a 2019, ita ce kuma ta soke dokar a 2024. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, darasin da ke ciki shi ne 'yan majalisar jiha guda 40, waɗanda sau da yawa muke raina zaɓensu, suna riƙe da iko a kan abubuwan da suka fi kusa da zukatanmu. Haka nan yawancin dokokin laifuffuka na jiha ne, kuma ta wannan ƙofa ce Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000.

Mu dubi ƙasarmu

Gani ya kori ji. Bari mu ɗauki abubuwa huɗu da kowa a nan ya sani.

Na farko, madatsar ruwa ta Tiga. Gwamnatin Jihar Kano ce ta gina ta a zamanin Audu Baƙo, daga 1971 zuwa 1974, a kan Kogin Kano, kuma tana iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Mutanen wannan yanki ne aka tasa daga gonakinsu da kufan kakanninsu domin a yi ta. Amma da aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, sai madatsar da aikin noman rani na Kadawa suka koma hannun Tarayya. Dalili kuwa, jerin farko ya ba Tarayya iko a kan ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya. Ruwan da aka tare a Bebeji shi ne ke gangarawa ya haɗu da Calawa, ya bi ta Wudil, ya shiga Jigawa, ya isa fadamun Haɗeja da Nguru a kan hanyarsa ta zuwa Tafkin Cadi. Masunta da manoman shinkafa na can sun daɗe suna kukan cewa madatsun Kano sun canja musu yanayin ambaliyar da suke noma da ita, ga kuma ciyawar kacala ta toshe musu hanyoyin ruwa. Idan muka yi adalci, za mu ga hikimar da ke cikin a ce mai raba ruwan ba ɗan Kano kaɗai yake wakilta ba. Abin da ya rage gare mu shi ne mu sani cewa kukan buɗe ruwa ko gyaran babbar hanyar ruwa, wurin wannan hukuma ake kai shi, ta hannun 'yan majalisarmu na Tarayya.

Na biyu, duwatsun Riruwai a Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza tun zamanin Turawa. A nan gona ɗaya tana da iyayen gida biyu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda sashe na 315 ya cusa cikin Tsarin Mulki, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Amma sashe na 44(3) ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Watau saman gonar yana hannun Kano, cikinta yana hannun Abuja. Lasisin haƙa daga ofishin rajistar ma'adinai na Tarayya yake fitowa. Duk da haka, Dokar Ma'adinai ta 2007 ba ta bar mutanen gari hannu rabbana ba. Ta wajabta biyan diyya ga mai gona, ta kuma wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Tambayar da 'yan boko irinmu ya kamata su riƙa yi ita ce, ina takardar yarjejeniyar, wa ya sa hannu, me aka yi alkawari? Har ila yau, kashi 13 cikin 100 da sashe na 162 ya ce a mayar wa jihar da aka samo arzikin ƙasa daga cikinta, ba man fetur kaɗai ya shafa ba.

Na uku, dajin Falgore. Gandun daji ne na Jihar Kano, ma'aikatan jiha ke kula da shi. Amma da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mai da shi maɓoya, musamman wajen 2015, sai aka ga iyakar ikon jiha. Ana kiran Gwamna babban jami'in tsaro na jiha, alhali sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa. Sashe na 215 ya yarda Gwamna ya ba Kwamishinan 'Yan Sanda umurni, amma Kwamishina yana iya cewa sai ya ji daga Shugaban Ƙasa ko Minista tukuna. Soja kuwa na Tarayya ne ɗungum. Wannan ne tushen kiraye-kirayen kafa 'yan sandan jiha, wanda Shugaban Ƙasa da gwamnoni suka amince a duba a watan Fabrairu na 2024. Masu goyon baya suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ɗan Doguwa ya fi baƙo sanin lungunan Falgore. Dattawan da suka ga zamanin siyasar NEPU da NPC kuwa suna tuna yadda aka riƙa amfani da 'yan doka a kan 'yan adawa. Duka maganganun biyu abin saurare ne. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta sa Falgore cikin dazuzzuka 10 da ta amince a mai da su gandun daji na ƙasa, kuma a nan ma Tsarin Mulki ya yi sharaɗi, ba a mai da wuri gandun ƙasa sai da yardar gwamnatin jihar.

Na huɗu, hanya. Babbar hanyar Kano zuwa Zariya, wadda ta bi ta Kwanar Ɗangora, ta Tarayya ce. Hanyoyin da suka haɗa garuruwanmu yawanci na jiha ne. 'Yan hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, da tashar mota da kasuwa da mahauta da maƙabarta, Jadawali na Huɗu ya ba ƙaramar hukuma. Direban da ya ɗauko rake ko masara daga Tudun Wada zuwa Kano yana iya taka hanyoyin gwamnatoci uku kafin azahar, kuma kowane rami da ya faɗa da mai shi.

Iko ba kuɗi

Iko ba tare da kuɗi ba, riga ce ba wuya. Sashe na 162 ya kafa Asusun Tarayya, inda ake zuba yawancin kuɗin shiga na ƙasa, a raba kowane wata. A bisa tsarin da aka yi ta aiki da shi tun 2004, Tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba kashi 20.60. Gwamnoni sun daɗe suna kukan cewa makarantu da asibitoci suna wuyansu, amma kaso mafi tsoka yana Abuja. Kukan nan yana da hujja.

To, amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan sashe dai ya kafa asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma shekara da shekaru a jihohi da dama, na kowace jam'iyya, kuɗin ƙaramar hukuma kan maƙale a babban birnin jiha, a kuma naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓe, alhali sashe na 7 ya ba da tabbacin zaɓaɓɓun majalisu. Ran 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi ya saɓa wa Tsarin Mulki. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, fiye da kowace jiha, saboda haka babu wanda maganar ta shafa kamarmu. Kason da ake ware wa Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba asiri ba ne, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana buga rahoton rabon. Mu nawa ne a zauren nan muka taɓa dubawa?

Makarantarmu fa?

Yanzu mu zo gida. Tarayya ce ke tsara mafi ƙarancin matsayin ilmi a ƙasa, ita ke da manyan jami'o'i irin su Bayero da makarantun haɗin kan ƙasa. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta sa shekara 9 na farko su zama kyauta kuma tilas, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin tallafi, amma jiha ba ta samun kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa. Ƙaramar hukuma tana da hannu a firamare. Makarantar sakandare irin tamu kuwa ta jiha ce. Ɗaukar malamai, albashinsu, kwanon da iska ta yaye, kayan ɗakin gwaje-gwaje, abincin 'yan kwana, duk suna wuyan Ma'aikatar Ilmi ta Jiha da hukumar kula da makarantun sakandare, kuma Majalisar Dokoki ta Jiha ce ke amincewa da kasafinsu.

Ɗan Majalisar Wakilai na Kiru da Bebeji, ko na Tudun Wada da Doguwa, ko Sanatan Kano ta Kudu, yana iya sa mana ginin aji cikin ayyukan mazaɓa, mu kuma mu gode. Amma ba shi da ikon turo malamin lissafi ko ɗaya. Aji ba malami kuwa, inuwa ce kawai. Ya kamata kuma mu sani cewa ko da yake sashe na 18 ya yi maganar ilmi kyauta, yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiki da shi. Abin da ke tilasta shi dokokin da aka yi ne, da kasafin kuɗi, da ƙuri'armu. A watan Yuni na 2024 Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Alkawari ne aka yi a bainar jama'a, haƙƙinmu ne mu bi sawu mu ga abin da ya iso nan.

Ana iya sake rabon?

Ana iyawa, sai dai da wuya. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai sun yarda, sa'an nan majalisun jihohi 24 daga cikin 36 su amince. An taɓa yi, kuma ya shafe mu. A da, jiha ba ta da ikon yin dokar lantarki sai a wuraren da babban layin ƙasa bai kai ba. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran da ya cire wannan shinge, ya kuma mai da jiragen ƙasa da gidajen yari cikin jerin haɗaka. A watan Yuni na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki. Ga tashar lantarki mai ƙarfin megawat 10 da Jihar Kano ta gina a Tiga. Tun da shingen doka ya faɗi, tambayar abin da garuruwan da ke kewaye da madatsar za su samu daga wutar, Kano za a kai ta.

Game da neman Jihar Tiga, wanda iyayenmu suka daɗe suna yi, sashe na 8 ya shimfiɗa matakai. Sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a majalisun Tarayya da ta jiha da na ƙananan hukumomi sun nema, a yi ƙuri'ar raba gardama kashi biyu cikin uku na mutanen yankin su yarda, yawancin jihohin ƙasa su amince, sa'an nan kashi biyu cikin uku na kowace majalisar Tarayya su tabbatar. Tun Jihar Yamma ta Tsakiya a 1963, farar hula ba su sake ƙirƙiro jiha ba. Ban faɗi haka don in karya wa kowa gwiwa ba. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a da alkawarin jiha, a tambaye shi matakin da ya kai a cikin huɗun nan.

Kammalawa

Ra'ayina, ya ku 'yan'uwa, shi ne gandun Abuja ya yi faɗi da yawa, ya kamata a ƙara wa jihohi, jihohi kuma su sakar wa ƙananan hukumomi nasu. Amma matso da iko kusa ba zai amfane mu ba in babu masu sa ido, domin kura ta kusa ta fi ta nesa saurin shiga garke. A kan haka nake ba wannan ƙungiya shawara uku. Ta farko, a kafa ƙaramin kwamiti na lauyoyinmu da akantocinmu, wanda zai tace kowace takardar koke ya tabbatar ta nufi ofishin da ke da hurumi kafin a aika. Ta biyu, kowace shekara a samo kasafin kuɗin jiha, a ciro abin da aka ware wa makarantarmu da na maƙwabta, a buga a wannan mujalla tare da kason ƙananan hukumominmu huɗu, a kuma gayyato 'yan majalisarmu na jiha su yi mana bayani. Ta uku, a sayo kofen Tsarin Mulki a ajiye a laburaren makaranta, waɗanda suka karanta shari'a daga cikinmu su riƙa zuwa sau ɗaya a zango suna tattaunawa da 'yan ajin ƙarshe.

Ku kuma ƙannenmu ɗalibai, cikinku akwai kansiloli da 'yan majalisa da alƙalai na gobe. Ku koyi wannan rabo tun yanzu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.